Kuɗin Bin Layi: Tsadar Neman Aiki ga Mai Kwali a Arewacin Nijeriya

Ranar Asabar, 15 ga Maris, 2014, tun kafin gari ya waye, matasa sanye da farin gajeren wando da farar riga suka yi dafifi a ƙofofin filayen wasa na manyan biranen Nijeriya. Hukumar Kula da Shige da Fice ce ta kira su jarrabawar ɗaukar aiki. Gurabe 4,556 za a cike. Waɗanda suka nema kuwa, bisa lissafin da hukumar EFCC ta gabatar wa kotu a 2016, mutum 676,675 ne, kuma kowannensu sai da ya biya naira 1,000 kafin a bar shi ya cike fom. Wato kusan mutum 150 ke zawarcin kujera ɗaya. Kafin rana ta faɗi, turmutsutsu ya kashe aƙalla mutum 16 a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, har da masu juna biyu. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta soke jarrabawar, ta kuma yi alkawarin ba kowane gidan da aka yi wa rashi gurabe uku. A waccan shekara, hanya mafi tabbas da ɗan talaka zai bi ya sa kakin hukumar ita ce a tattake ɗan'uwansa.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan rayukan da suka salwanta, kuma sun cancanci haka. Ni a kan naira dubun nan nake so in tsaya. Sama da naira miliyan 676 aka tara daga aljihun mutanen da abin da ya kawo su wurin shi ne babu. Matsayata a wannan maƙala ita ce neman aiki a ƙasar nan shi kansa harka ce mai cin jari, kuma duk lokacin da gurabe suka yi ƙaranci, abin da ke raba gardama tsakanin masu nema shi ne wa zai iya ɗaukar nauyin jira: wa ke da kuɗi, wa ke da hanya, wa shekarunsa ba su ƙare a kan layi ba. Idan haka ne, bayanai biyun da aka fi yi mana, cewa matasa malalata ne ko kuma ba su iya komai ba, sun bar jaki suna dukan taiki.

Aiki, sana'a da buga-buga

Bahaushe ya daɗe da raba abin da masana ƙididdiga ke ta kokawar rabawa. Idan aka ce wane ya samu aiki, kowa ya san ana nufin albashi a ƙarshen wata, ofis ko masana'anta, wataƙila har da fansho. Idan aka ce yana da sana'a, ana nufin akwai abin da ya iya kuma ya dogara da shi, ɗinki ne ko ƙira ko fawa ko gyaran mota. Sai na uku, buga-buga, wanda yau dillancin waya ne, gobe rakiyar mai sayen fili, jibi a tashi babu komai. Uba yakan ba mai aiki 'yarsa, yakan ba mai sana'a. Amma da zarar magabatan saurayi suka ce yaron yana ɗan buga-buga, an san amsar: a je, za mu yi shawara.

Wanda ya riƙe wannan rabo ba zai ruɗe da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba. A watan Maris na 2021 hukumar ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, kimanin mutum miliyan 23, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 34 kuwa ya haura kashi 42. A watan Agustan 2023 hukumar nan dai ta ce kashi 4.1 ne. Babu masana'antar da aka buɗe a tsakani da za ta kwashi miliyoyin nan. Ma'auni aka sauya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. Yanzu, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya yi awa ɗaya a mako domin samun kuɗi ya shiga sahun masu aiki. Tsohon shugaban hukumar, Yemi Kale, ya fito fili ya soki wannan sauyi, hukumar kuma ta kare kanta da cewa haka sauran ƙasashe suke yi.

Ba na ganin hukumar ta yi ƙarya. Sabon ma'aunin yana faɗar wata gaskiya da kowa ya sani: a ƙasar da ba a biyan marar aiki ko sisi, zama haka kawai gata ne, talaka dole ya fita ko da turin baro ne. Sai dai ma'aunin ya zuba aiki da sana'a da buga-buga a buhu ɗaya. Alƙaluman da suka fi amfani suna can cikin rahoton ba a cika karanto su a rediyo ba: sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin suna ɓangaren da babu rajista, babu takardar ɗauka, babu fansho, masu karɓar albashi kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Rahotannin sun kuma nuna rashin aiki ya fi yawa a tsakanin waɗanda suka wuce sakandare fiye da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Wannan ne mutumin da nake magana a kansa, mai kwali a hannu, wanda ke layin wancan ɗan ƙaramin kaso.

Alkawarin da aka yi wa kakanni

Me ya sa yake layin? Domin an yi wa gidansu alkawari, kuma an taɓa cikawa. A zamanin En'e, yaron da ya gama midil ba ya kwana biyu bai zama malamin asibiti ko na gona ko akawu ba. Manufar Sardauna ta cike aikin gwamnatin Jihar Arewa da 'yan Arewa ta sa a shekarun 1950 da 1960 kujeru ne ke neman mutane. Da wannan aka lallashi iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu a rumbu don kada a kai su boko. Kuɗin mai na shekarun 1970, da ƙarin albashin Udoji na 1974, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, duk sun ƙara kafa hujjar cewa makaranta ƙofar albashi ce. Wanda bai yi nisa a karatu ba ma yana da inda zai dosa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, unguwar Kakuri ta cika da dubban ma'aikata masu shiga aiki kashi-kashi dare da rana. Kano na da Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, ƙofofin suka fara rufewa. Darajar naira ta faɗi, gwamnati ta rage ɗauka. Masaƙun suka yi ta fama da rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar Sin da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya ta Kwatano da Maraɗi, har masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Amma makarantu ba su daina ƙaruwa ba. Jami'o'i biyar ƙasar ke da su a 1962, shekarar da aka buɗe ta Ahmadu Bello a Zariya. Yau sun haura 250.

Masanin zamantakewa ɗan Ingila, Ronald Dore, ya hango wannan tun 1976 a littafinsa The Diploma Disease, wato cutar kwali. Ya ce a ƙasar da ayyukan albashi ba su da yawa amma tazararsu da sauran hanyoyin neman abinci mai faɗi ce, mai ɗauka zai yi ta ɗaga sharaɗi don rage cunkoso, masu nema kuma su yi ta ƙaro takarda. Aikin da a da mai firamare ke yi sai ya koma na mai sakandare, daga nan na mai digiri. A 2012 Alhaji Aliko Dangote ya bayyana cewa da kamfaninsa ya nemi direbobin manyan motoci, cikin kusan mutum 13,000 da suka nema akwai masu digirin digirgir 6 da masu digiri na biyu 704. Na sha ganin ɗalibi ya dawo yin digiri na biyu ba don sha'awar bincike ba, sai don ya gaji da tambayar da ake yi masa a gida. Karatun ya zama wurin fakewa, kuma shi ma da kuɗi ake fakewar.

Shingaye uku

Shinge na farko kuɗi ne, kuma ba a ganinsa saboda kaɗan-kaɗan yake fita. Hoton fasfo. Fotokofi. Kuɗin kafe ko na data, a kwana ana jiran shafin hukuma ya buɗe. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai an je garin kakanni. Takardar rantsuwar shekaru a kotu. Sai babban: a aiko da saƙo ranar Laraba cewa ganawa ranar Juma'a ce a Abuja ko Legas, ka nemi kuɗin mota da wurin kwana da kaya masu kyau, bayan cire tallafin mai na 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin kowace tafiya. Ɗan mai hali zai yi wannan sau ashirin bai ji a jikinsa ba. Ɗan mai gadi yana yin uku, kunyar sake tambayar mahaifiyarsa kuɗin adashinta ta zaunar da shi. Daga waje sai a ce ya karaya, alhali guzuri ne ya ƙare. Ga 'ya mace nauyin ninki ne, domin sau da yawa sai an biya wa wanda zai raka ta, sai an samu gidan dangi da za ta sauka, ban da abin da wasu masu kujera ke nema a wurinta wanda ba ya faɗuwa a gida.

Shinge na biyu shi ne hanya, kuma a nan ya kamata a yi adalci. Samun aiki ta hannun wani ba ɗabi'ar Nijeriya kaɗai ba ce. Mark Granovetter ya yi bincike a wani gari kusa da Boston a Amurka, ya wallafa a 1974, ya gano fiye da rabin waɗanda ya tambaya ta hanyar wani da suka sani suka samu aikinsu, kuma yawanci sanin shanu ne, ba aboki na kusa ko ɗan'uwa ba. Amma akwai bambanci mai girma. A can abin da sanayya ke kawowa shi ne labari: akwai gurbi a wuri kaza, je ka gwada. A nan gurbin kansa take kawowa. Ana raba kujeru kafin a tallata su, idan ma an tallata. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da ɗaukar ma'aikata a 2020, ƙofar da ta rage ita ce ta maye gurbin waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu, da izini na musamman da ake ba hukuma ta ɗauka ba tare da sanarwa a jarida ba. Ƙofar da ba a sanar da buɗe ta ba kuwa, mai uwa a gindin murhu ne kaɗai zai san lokacin shiga.

Inda abu ya yi ƙaranci kuma ake raba shi a ɓoye, sai ya samu farashi. Kalmar sayen ofa yanzu ba ta ba kowa mamaki, har akwai wuraren da aka san sun fi tsada saboda maiƙonsu. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi don binciken wannan ciniki, kuma a gaban kwamitin wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi miliyoyin naira daga masu neman aiki. Wannan ita ce hukumar da aka kafa a 1996 don kada wani yanki ya danne wani. Abin lura, rabon gurabe tsakanin jihohi bai ce komai ba game da rabonsu a cikin jihar. Za a iya cike kason Jigawa ko na Yobe tsaf da 'ya'yan gidaje goma da suka tashi a Abuja, lissafi ya daidaita a takarda, yaron da ya yi karatu da fitilar ƙwai a Maigatari ko Yunusari bai ma ji labari ba. A gefen wannan kasuwa kuma 'yan damfara suka kafa tasu rumfar. Ana sayar da gona a sayi ofa, a je kama aiki a tarar takardar jabu ce, kuma ba a iya kai ƙara da ƙarfin gwiwa tunda mai saye ma ya san abin da ya yi.

Na uku shekaru ne. Bankuna da manyan kamfanoni sukan ce kada mai nema ya wuce 26 ko 27. Ɗalibin jami'ar gwamnati da yajin aikin malamai ya cinye masa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, wanda ya yi shekara biyu yana neman gurbin karatu, ya ƙara ɗaya a bautar ƙasa, ya riga ya tsufa a idon banki ranar da ya karɓi kwalinsa. Tsararsa da ya yi jami'ar kuɗi ya gama yana ɗan 21. Don haka sharaɗin shekaru, ko da ba a yi niyya ba, tankaɗe ne da ke tace masu hali. Sakamakonsa kuma kowa ya sani: rantsuwar ƙarya a kotu don rage shekaru, wato da ƙarya mutum yake buɗe littafin aikinsa. A watan Yulin 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira a daina wannan sharaɗi, amma kira ne, ba doka ba. Wanda ya gabatar da ƙudurin shi ne Sanata Abba Moro, wanda shi ne Ministan Harkokin Cikin Gida a ranar 15 ga Maris, 2014.

A je a koyi sana'a

Wannan ce amsar da ta fi karɓuwa yanzu, kuma Farfesa Isa Ali Pantami ya ƙarfafa ta da littafinsa na 2022 a kan fifita ƙwarewa bisa takardar digiri. Ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Duk malamin jami'a mai tsoron Allah ya san muna yaye waɗanda ba sa iya rubuta wasiƙar neman aikin da suke nema. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, kuma ko da an yi ta jayayya a kan yadda aka yi jarrabawar, babu wanda ya ce makarantun lafiya lau suke.

Amma ƙwarewa tana tantance wanda zai shiga gaban layi ne, ba ta ƙara yawan kujeru. Da a ce duk mutum 676,675 ɗin nan gwanaye ne, 4,556 dai za a ɗauka. Sannan masu cewa a koma sana'a suna magana kamar ita ba ta da shinge. A Kantin Kwari ko Sabon Gari ko Dawanau, yaron kanti yana shiga tun yana ƙarami, ta hannun wanda ya tsaya masa, ya yi shekaru yana yi wa ubangida hidima kafin a sallame shi da jari ko a ba shi kaya bashi. Wannan ma hanya ce, kuma ita ma tana da nata sharaɗin shekarun. Mai digiri ɗan shekara 29 ya makara a nan kamar yadda ya makara a banki. Abin da ya rage masa shi ne sana'o'in da ƙofarsu ke buɗe ga kowa: teburin POS, cajin waya, tuƙin Adaidaita Sahu na wani da sai ya fara haɗa kuɗin mai keke kafin ya ga nasa. Da yake kowa na iya shiga, riba ta zama ƙanƙanuwa. A layi ɗaya sai ka ƙirga lema biyar ta masu POS suna kallon juna. Haka shirye-shiryen koyar da sana'a na mako biyu suke ƙarewa: a koya wa mata ɗari haɗa sabulu da man shafawa a unguwa ɗaya, a ɗauki hoto, a bar su su sayar wa juna. Tela yana buƙatar wuta da mai kawo ɗinki, mai kawo ɗinki kuwa yawanci albashin wani ne ke aljihunsa. Da masaƙun Kakuri suka mutu, masu tuwo da masu gidajen haya da teloli na unguwar sun bi su.

Shirye-shiryen gwamnati ma shaida ne a kan masu zargin lalaci. N-Power, wanda aka fara a 2016, naira 30,000 ya riƙa biya a wata, na ɗan lokaci ne, babu tabbacin ɗorewa. Duk da haka, da aka buɗe rukuni na uku a 2020, sama da mutum miliyan 5 suka nemi gurabe 400,000 da aka fara sanarwa. Shekara biyu kafin nan, a watan Afrilun 2018, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a wani taro a Landan cewa da yawa daga matasan ƙasar ba su yi makaranta ba, suna zaune suna jiran a yi musu komai kyauta saboda ƙasar na da mai. Kalmar cima-zaune ta bi gari. Cima-zaune dai ba ya kwana a kafe saboda dubu talatin.

Abin da ake gani a bakin titi, samari a kan benci suna shan shayi, shi ne ke ruɗar mai wucewa a mota har ya kira shi zaman kashe wando. Adeline Masquelier ta zauna da irin waɗannan samari a Dogondutsi da Yamai, ta rubuta littafi a 2019 a kan fada, wato majalisar shayin samari a Nijar, inda ta nuna yadda dafa shayi zagaye uku ke ba wunin da ba shi da fasali wani tsari, da yadda zaman ke ba wanda gida ya yi wa ƙunci wurin da za a saurare shi. Majalisa a Kano ko Katsina ko Gusau haka take. A can ake jin an buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda, a can ake aron takalmin zuwa ganawa, a can ake karo-karon kuɗin mota. Ofishin neman aikin talaka kenan. Illarsa ɗaya ce, kuma babba: duk waɗanda ke zaune a kan bencin halinsu ɗaya, babu wanda ya san wanda zai ɗaga waya a Abuja. Alcinda Honwana, wadda ta yi nazarin matasan Mozambik da Senegal da Tunisiya da Afirka ta Kudu, ta siffanta wannan da zaman jira tsakanin ƙuruciya da girma. A ƙasar Hausa ma'aunin girman sananne ne. Namiji ba ya zama magidanci sai ya ajiye iyali, ba a sa shi a shawarar gida yadda ya kamata, ƙaninsa da ya bar makaranta tun aji uku ya shiga kasuwa shi ake kira idan za a yi wa Baba magani. Kuma ƙannen da ke tasowa suna kallo. Duk mai yaƙin a sa yara makaranta a Arewa ya san hujja mafi ƙarfi da ake kawo masa a ƙauye yanzu ita ce a nuna masa ɗan gidan wane da ya yi digiri yake zaune.

Samar da ayyuka na gaske magana ce ta wuta da tsaro da masana'antun sarrafa abin da muke nomawa, kuma ba a shekara ɗaya za a yi ta ba. Gyaran layin kuwa ba ya buƙatar ko kwabo daga kasafi. Ina kira ga majalisun dokokin jihohinmu da ta tarayya su mayar da shi doka, da hukunci: kada a karɓi kuɗin fom, a yi jarrabawa a cibiyoyin kwamfuta na kowace jiha maimakon kiran kowa Abuja, a cire sharaɗin shekaru sai a aikin da ƙarfin jiki ya wajabta shi, a soke izinin ɗauka a ɓoye, kuma duk hukumar da ta ɗauki ma'aikata ta wallafa yawan guraben da sunayen waɗanda ta ɗauka da ƙananan hukumominsu da makin kowa. Hukumar JAMB tana yi wa ɗalibai kusan miliyan biyu jarrabawa a kowace shekara, kowa ya ga makinsa a wayarsa cikin 'yan makonni. Hukumar da ta ɗauki mutum ɗari biyar ba ta da hujjar ɓoye nasu.